Hanyar da Hammawa Ya Rufa wa Asiri

Tun da sassafe Hammawa ya fito da mutanen Kwanyawa kan hanya, mai fartanya da mai kwando, yana ta ba da umarni, babbar rigarsa ko ƙasa ba ta taɓa ba.

Shi ne wakilin dagaci, kuma gyaran hanyar da ta haɗa ƙauyen da titin Karaye a wuyansa yake. Rabon da ya sa a zuba mata ko kwandon ƙasa tun shekarar da aka soke zaɓe. In akuya ta faɗa raminta sai an sa igiya. Motocin gyaɗa tuni suka daina shigowa.

Sai ga labari a kasuwa: wata mota na tafe daga Kano da na'ura a gindinta mai harba siririn jan haske, wai shi leza. Hasken na bin ƙasa yana auna kowane tudu da kwari, ko kaurin farce ba ya tsere masa. Da Kwanyawa za a fara, sannan Kurugu. Hammawa bai tsaya jin ƙarshen zancen ba. A ganinsa rawaninsa ake shirin aunawa.

Aka cike ramuka da marmara, aka daɓe, aka share, aka yayyafa ruwa. Da aka ce masa mutanen Kurugu ba su ɗaga ko tsinke ba, shanu ma suke korawa ta kan tasu hanyar, ya yi dariya har da ƙwalla.

"Marasa kunya! Yau asirinsu zai tonu."

Mota ta zo ta wuce sumul kamar a kan tabarma. Injiniyan da ke cikinta ya dubi allon na'urarsa, ya dubi hanyar, ya sosa ƙeya.

"Ranka ya daɗe, haka take kullum? Ba haka aka gaya mana ba."

"Sharrin maƙiya ne," in ji Hammawa. "Wallahi ko da damina haka take."

"Ka tabbata?"

Ya sake rantsuwa, jama'a suka shaida.

Ruwan farko ya kwashe marmarar, ramukan suka dawo har da baƙi. Rawani dai ya tsira. Hammawa ya ci gaba da cika baki kan yadda ya yi wa na'urar Turawa wayo, har ranar da ya ga jerin motocin kwalta suna wuce mararrabar ƙauyensu. Ya tsayar da wani direba, ya ce ai sun ɓata hanya.

"Kurugu za mu, Baba. Kwaltar ta hanya ɗaya ce, shi ya sa aka aiko motar nan ta zaɓo wadda ta fi lalacewa."