Motar Doguwa

Zakariya ya janye ƙayar da aka kewaye motar da ita, bakinsa na bismilla.

Pijo 404 ce, irin wadda mahaifinsa ya yi jigila da ita tsakanin Dogon Dutsi da Matankari. Tun yana yaro yake burin ya samu irinta ya tayar da ita, ya yi mata farin fenti. Yau ga ta a bayan wani ƙauye na Dogon Kiriya, babu taya ko ɗaya, ta kwanta a kan tsofaffin katakan giginya biyu, yashi ya rufe gefenta. Tsatsa ta ci ta sosai, amma fuskarta na nan da kyanta.

Mai motar, Abdussalamu, yana Yamai, kuma yau yake son amsa, domin masu gwangwan sun taya. Da safe ya ce a waya, "Tahi ka gane ta, amma daga waje. Kak ka shiga ciki, don..." Sai rezo ya ɗauke, layin wayar ya yanke. Zakariya ɗan kasuwa ne, ya san in mai kaya ya hana ka duba wuri, to nan ɓarnar take.

Ɗan kabu-kabun da ya kawo shi kuwa tun daga nesa ya sauke shi. "Aljana Doguwa na ciki," in ji shi. "Ko yara ba su zuwa nan." Zakariya ya yi dariya, amma dariyar a leɓe ta tsaya. Matarsa Bushira na da ciki, bayan ɓari biyu. Kafin ya fito sai da ta riƙe masa riga ta ce in motar da iska, kada ya kawo mata ita gida. Ya rantse mata zai tabbatar. Ba zai bar motar don ji-ta-ji-ta ba, ba kuma zai ja wa cikin Bushira masifa ba. Dole ya shiga ya gani.

Damina ce, kowa na gona, ƙauyen tsit. Ya lura tsofaffin hanyoyin ƙafa daga kowace kusurwa duk wurin motar suka nufo. Katakan da take kai kuma duk gurbi-gurbi ne, sun yi sulɓi. Bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

Ƙofar ta buɗe da kuka. Ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyari, na ɗan lokaci ya manta da tsoro.

Sai ya ji sanyi na hawa ƙafar wandonsa. Rana tsaka, ƙarfe ya yi zafi ba ya taɓuwa, amma daga ƙasan motar iska mai sanyi ke busowa, da wari irin na gindin randa.

Ya ce, "Salamu alaikum."

Daga ƙarƙashinsa wata murya mai kauri ta ce, "...alaikum."

Ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, muryar ta bi shi a baya tana karantawa, ba ta tsallake ko kalma ɗaya ba. Iskar da ta san karatu, da me za a kore ta?

Ya zaro waya don ya haska ƙasan. Tafinsa ya jiƙe da gumi, wayar ta suɓuce ta faɗa wata kafa da tsatsa ta huda tsakanin ƙafafunsa. Ya saurara ya ji ta bugi yashi. Shiru. An karɓe.

Motar ta yi nishi, ta karkata gefe kaɗan.

"Wayyo Allah!"

Wata tsohuwa ce a bakin hanya, ƙwaryar furar da za ta kai gona ta kife a ƙasa. Ba shi take kallo ba, ƙarƙashin motar take kallo, idanunta waje.

"Inna!" ya ƙwala mata kira. "Ta kama ni!"

"Ruhe bakinka, ɗan nan. Kak ka motsa." Ta matso a hankali, ta tsaya nesa da ƙofa, ta kwance mayafinta ta jefa masa bakinsa. "Riƙe da kyau. Kak ka taka tsakiya, bakin ƙohwa za ka taka. Sannu. Sannu na ce!"

Ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ƙarfe ya yi ƙara. Ya tuna Bushira, ya runtse ido ya yi tsalle, tsohuwar ta fizge shi da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba. Suka zube tare a kan yashi.

Da ya waiwaya, kujerar da ya tashi a kai ba ta nan. Rami ne baƙi a wurinta. Sai can daga baya aka ji dum, kamar an buga ganga a wani gari.

Zakariya, magidanci da gemunsa, ya fashe da kuka. "Na hwasa, Inna, wallahi na hwasa saye! Amma ta ji muryata, ta amshe wayata, hoton matata na ciki. Matata na da juna biyu. Mi zan yanka don kat ta bi ni gida? Baƙar akuya? Hwaɗa mini ko mi ne ne!"

Tsohuwar ta zauna tana haki. Sannan ta kakkaɓe mayafinta ta yafa.

"Tahi gida wurin matarka, babu mai bin ka," ta ce. "Ni nit tsiro da zancen doguwa don yara su bar hawa. Tsohuwar rijiyar gari ce, gaba arba'in, munka ruhe bakinta da motar."