Madambacin Maƙwabciya

Karo na uku ke nan mahaifinta ya ture kwanon. "Wannan jiƙaƙƙen yashi ne, 'yata, ba kuskus ba."

Tun da ta ɗauko shi daga Aljeriya bayan rasuwar mahaifiyarta, kullum ramewa yake. A wannan ƙaramin gari na Ostareliya kuwa, kuskus na kwali kaɗai ake sayarwa. Ranar Juma'a ta murza tsakin alkama da hannunta, ta ɗora a rariya bisa tukunya, amma tururin ya riƙa sulalewa ta gefe har sai da ta buɗe taga.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar nan ce 'yar Sisili ta Italiya, maƙwabciyar da kunya ta hana ta gaisarwa shekara biyu. Ta zaci ƙorafi ta kawo, sai ga madambacin ƙasa rungume a ƙirjinta.

"Ta taga nake kallon wannan ɓarna. Matsa, yarinya. An ce miki ku kaɗai kuka gaji kuskus?"

Tsohuwar ta kwaɓa fulawa, ta liƙe bakin tukunya da madambacin, daidai yadda marigayiya mahaifiyar 'yar take yi. Sau uku suka turara.

Mahaifin ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Sannan ya tura tsokar nama da ta fi girma gaban tsohuwar.

"Ce mata ta ci. Baƙo ba ya tashi da yunwa a gidana."

'Yar ta sunkuyar da kai tana hamdala. Tun zuwansa, yau ya fara kiran nan gidansa.