Cocin da Timoti Ya Tafi Nema

Ba ni da ɗa yanzu, kuma bangon falona ba hoto, sai ƙusa.

Hoton tsohon zane ne na wani coci a Turai: doguwar hasumiya, gada a kan kogi, manyan itatuwa, da saniya tana shan ruwa. Wani Bature ɗan mishan ne ya bar wa marigayi mijina, da yake shi ne kukunsa. A ƙarƙashin hoton nan ɗana Timoti ya girma a Chaza, yana cewa wata rana zai yi sujada a ciki.

Na sayar da filin ubansa, muka damƙa kuɗin ga wani mai kai mutane ƙasar waje. Ranar tafiya Timoti ya sauke hoton.

"Mama, bari in tafi da shi, don in gane wurin."

Bayan wata biyu hoto ya shigo wayata. Ga ɗana cikin kwat, ga cocin a bayansa. Dishi-dishi yake, ya ce sanyin ƙasar ne. Na ba da shaida a zumuntar mata, aka yi rawa har da guɗa.

Duk Kirsimeti sai ya aiko wani. Maƙwabciyata Comfort ta taɓa ƙura wa wayar ido.

"Maman Timoti, saniyar nan ba ta ƙoshi ne? Bara ma tana nan."

Na ce mata baƙin ciki ne kawai.

Na sha roƙonsa ya zo in gan shi kafin idona ya ƙarasa mutuwa. Sai ya ce, "Da wane ido zan dubi mutane hannu sake?"

Ranar Talata abokinsa Jide ya durƙusa a ƙofata, ya ce tirela ta take Timoti a wurin aiki. Da na iya magana, na ce ko kwanon rufin gidan nan zan ɓamɓare in sayar, sai an sa gawar ɗana a jirgi.

Jide bai ɗago kai ba.

"Mama, ki ɗauko zane mai kyau. Ga Keke Napep a waje."

Ku taya ni addu'a. Ubangiji ya tuhumi mutumin da ya cinye filin ya kashe wayarsa, ya kuma ba Timoti hutu, wanda kunya ta riƙe shi shekara uku yana facin taya a bakin titin Gauraka, nan kusa da mu. Ku ce amin.