Shirun Ammu Shukri

"Ka ce 'ruwa', Ammu Shukri," in ji Dakta Mirfat.

Tsohon ya zuba mata ido kawai. Wata takwas ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana. Wata shida da aka ɗebi ƙwayoyin ɓargonsa aka yi masa allurar gwaji a nan Iskandariyya ta ƙasar Masar.

Likitar ta nisa. "Maganin bai kama ba. Gobe za mu sake huda ƙashin ƙugunsa."

Matarsa Nagat ta fita sa hannu a takarda. Ƙofa na rufuwa ya cafko hannun likitar.

"Don Allah, 'yata, kada a huda ni. Tun azumi bakina ya buɗe."

"To me ya hana ka magana?"

"Shekara arba'in muna faɗa da Nagat. Yanzu a baki take ba ni miyar lalo, har 'masoyina' take ce mini."

Nagat ta leƙo.

"Na sani, Dakta, kullum cikin barci yake surutu. Ki bar hudar, amma kada ki rubuta ya warke. Ni ma sai yanzu nake jin labaran rediyo har ƙarshe."