Gaurakan Barmo

Tunda ka ce gobe za ka faɗa musu gaskiya, ba yau ba, gyara zama in ba ka wani misali.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wani manomin shinkafa ana ce masa Barmo, dattijo ne wanda in ya yi magana ba a neman shaida. A da, in ruwa ya fara janyewa, gauraki kan sauka a fadamar nan garke-garke, su yi kiwo su huta, sannan su tashi su bi ruwa zuwa wata ƙasa. Sai masu tarko suka sa su a gaba, ana kai su birni ana ƙawata gidajen masu hali, har garken ya koma abin ƙirgawa da yatsu. Shi ma Barmo yana da guda a tsakar gidansa. Tun yana ɗan tsako ya kama shi, kuma don kada wata rana ya tashi ya bar shi, bai tsaya datse gashi ba, wuƙa ya sa ya cire gaɓar ƙarshe ta fiffiken hagu. Gashi in an datse yakan sake fitowa, ƙashi kuwa ya tafi ke nan. In tsuntsun ya naɗe fiffikensa ba ka ganin komai, don haka ba wanda ya sani sai shi da Mahaliccinsa.

Ana nan sai ma'aikatan kare tsuntsaye suka zo garin, suna roƙon duk mai gauraka a gida ya sake shi ya bi 'yan'uwansa. A taron ƙofar mai gari ba wanda ya kai Barmo zuba. Ya tsine wa masu tarko, ya ce duk wanda ya nakasa halittar Allah don ado ba mutum ba ne. Nan take aka ba shi shugabancin masu tsaron fadama. Shugabar ma'aikatan, wata Malama Hansatu, ta bi gida-gida tana buɗe fiffiken kowane tsuntsu. Mai datsattsen gashi a jira gashin ya fito, wanda aka taɓa wa ƙashi a kai shi wani shinge a gefen ruwa ya ƙare rayuwarsa a can. Mutum biyu suka amsa laifinsu, aka yi musu 'yar tsiya, maganar ta wuce. Da ta zo gidan Barmo ta tambaye shi, sai ya ji bakinsa ya ce, "Gashi ne kawai, 'yata." Ta janye hannunta ta ce, "Maganarka ta isa, Baba." Aka sa ranar saki bayan wata huɗu, lokacin da garken ke haramar tafiya.

Wata huɗu fa ba kwana huɗu ba ne. Kullum ya watsa wa tsuntsun hatsi sai kunya ta kama shi, ya ce gobe zan je in faɗa. Sau biyu yana kama hanyar masaukin ma'aikatan, a hanya wani ya gaishe shi da "Sannu shugaba," sai ya karkata ya nufi gona. Har ya koma yana lallashin kansa, wai ko tsuntsun zai mutu kafin ranar, ko a ɗaga ranar, ko ma Allah ya ba shi ikon tashi da fiffike ɗaya da rabi. Tsuntsu kuwa sai ƙiba yake yi, rana kuma ba wanda ya ɗaga ta.

Da hantsin ranar gari ya fito bakin fadama, maza da mata, har da mai gari. Garken na can tsakiyar ruwa yana ta kuka. Aka saki gauraki biyar ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi ɗan gudu ya ɗaga sama. Na shugaba aka bari a ƙarshe don girmamawa. Barmo ya ajiye shi a ƙasa. Tsuntsun ya ji kiran 'yan'uwansa, ya miƙa wuya, ya ruga, ya buɗe fiffike, kowa ya ga na hagun guntu ne. Ya karkata ya kife cikin taɓo. Ya tashi ya sake rugawa, ya sake kifewa. Garken ya tashi ya yi gabas, shi yana ƙasa yana amsa musu.

Ba wanda ya zagi Barmo, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mutanen nan biyu da suka amsa laifinsu tun farko suna tsaye a gefensa, suka sunkuyar da kai don su taya shi jin nauyi. Malama Hansatu ta shiga taɓon ta rungumo tsuntsun, ta zo gabansa ta rage murya ta ce, "Baba, da ka faɗa mini, da ba mu sa shi ya gwada ba." Dattijo ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Tun daga ranar, in ya faɗi abu a gari, sai an waiga an tambayi wani.

To ka ji. Hausawa sun riga sun faɗa: rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.