Gamba a Kan Iyaka

Wani manomi yana da gona a gangare, ta maƙwabcinsa tana ƙasa da tasa. Layin gamba ne iyakarsu, tun kakanni aka dasa ta. Al'adar wurin, in kaka ta yi kowa ya yanki ɓangarensa ya saƙa zana. Wata shekara ya je da laujensa, ya tarar maƙwabcin ya aske ta tas, har ɓangaren da ba nasa ba. Ransa ya ɓaci. Bai je ya tambaye shi ba, bai kai ƙara gun mai unguwa ba. Da rani ya cinna wa gindinta wuta, ya ce kowa ya rasa. Fushi ya mantar da shi abin da ya sani tun yana yaro, cewa wuta ba ta kashe gamba. Tun ruwa bai sauka ba ta tofo kore shar, awakin maƙwabcin suka fi kowa morewa. Da ya ga haka sai ya ɗauko diga. Gamba kuwa saiwarta ta yi nisa, kowane gindi sai ya jiƙe da gumi kafin ya tumɓuke shi, yana sara yana zagi. Wani tsoho da ke wucewa ya ce, "Kai ɗan nan, ciyawar nan ita ke riƙe maka ƙasa." Ya ce, "Baba, ƙasata ce ko taka?" Tsoho ya yi gaba.

Marka ta zauna. Ruwan da yakan zo ya ci karo da gamba ya lafa, bana bai sami mai tare shi ba. Ya ɓalle kunyoyi, ya yanka rami tsakiyar gonar, ya kwashi baƙar ƙasa da takin da mutumin ya yi rani yana ja da jaki, ya juye su duka a gonar maƙwabcin. Da aka ɗauke ruwa manomin ya zo ya tsaya a kan tsakuwa, geronsa kwance saiwa a sama. Can ƙasa kuwa, a kakar nan, dawar maƙwabcin sai da ta sunkuya don nauyin kai. Manomin ya nemi wanda zai kama da laifi, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga kowa ba sai kantar da diga ta bar masa a tafin hannu. Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.