Kujerar Tirelar Alhaji Tanimu

Tun da tireloli suka fara tuƙa kansu, aikinmu na direbobi ya koma zama. Doka ta ce wanda kujerar direba ta ji ɗuminsa sa'ad da mota ta hau sikeli, shi ne mai laifi idan lodi ya wuce ƙima. Haka ƙanena Jatau ya ci shekara uku a gidan yari kan albasar Alhaji Tanimu.

Ran Laraba a Aliero aka jibga wa tirelar Alhaji buhuna har tayoyi suka kwanta.

Na ce, "Alhaji, ya yi yawa fa."

"Kai dai zauna, Baba Sule."

"To, amma kujerar tana wani kuka. Hau ka ji, kada a ce ni na ɓata ta."

Ya tattare riga ya hau yana tsaki. Shi bai taɓa zama ba, bai san idan lodi ya kammala, kujera ta ɗumama, mota ba ta jiran kowa ba. Ƙofa ta kulle. Tayoyi suka motsa.

"Baba Sule! Tsayar da ita!"

"Haba Alhaji, rabona da birki shekara tara. Allah ya kiyaye hanya."